Yadda Injiniya Ya Sayar da Gidan Gado

Duk layin Injiniya ake ce masa, shi ma kuma ba ya amsa wani suna sai wannan. Asalin abin, ya taɓa yin gadin sito a wani kamfanin gine-gine, inda aikinsa bai wuce buɗe ƙofa da safe da rufe ta da yamma ba. Ranar da aka sallame shi ya taho da hular kwano mai ruwan ɗorawa, kuma tun daga nan ba a sake yin gini a unguwar ba tare da ya je ya riƙe ƙugu yana girgiza kai ba.

Bayan rasuwar mahaifiyarsu, gidan gado ya zama nasa shi da yayarsa. Gida ne mai ɗaki uku da falo, ya daɗe babu kowa a ciki. Yaya, wadda take aure a can ƙarshen gari kuma take da shagon yadi a kasuwa, ta zo ta zagaya shi, ta fito tana kaɗe yanar gizo daga mayafinta.

Ta ce, "Rufin falo yana yoyo. Bangon ɗakin Inna ya tsage har hannuna yana shiga. Famfo ya yi tsatsa, ƙofofi kuma gara ta cinye su. A kira magini ya ɗan taɓa shi kafin a sa shi a kasuwa."

Injiniya ya yi irin murmushin da likita yake yi wa wanda ya zo da maganin kansa. "Yaya, ke yadi kika sani. Gini kuwa ki bar wa masu shi. A ƙasashen da suka ci gaba ba a gyara gida kafin a sayar. Yadda yake ake sayar da shi. Mai saye ya gani, ya so, ya biya. Abin da ya tarar daga baya shi da sa'arsa."

"Ka je ƙasashen ne?"

"Na yi gadin waɗanda suka je."

"To a ba dillali."

"In ba wani ƙato la'ada don ya yi surutu? Bakina ciwo yake yi? Ki koma shagonki, ki jira kira kawai."

Washegari ya sayo fenti ja, ya jingina tsani, ya rubuta a bangon waje da manyan baƙaƙe: GIDAN SAYARWA, YADDA YAKE. Tela da mai aski da mai shago, waɗanda shagunansu suke jere daura da gidan, suka fito benci suna kallo. Da ya sauko sai ya ce bari ya nuna musu ƙwarin ginin zamanin da, ya kai wa bangon mari da tafin hannu. Filasta ta ɓanɓaro faifai guda, ta tafi da SAYARWA gaba ɗaya.

Mai aski ya karanta abin da ya rage. "Gidan, yadda yake. To, mun gani. Haka yake."

Masu saye na farko wani ma'aikacin asibiti ne da matarsa. Injiniya ya tarbe su da hular kwano a kai da tef ɗin awo a rataye a ƙugu. A falo matar ta ɗaga kai ta ga silin ya yi ciki, ga taswirar ruwa ta zagaye shi.

"Malam, nan ba ya yoyo kuwa?"

"Numfashi yake yi, Hajiya. Gidan da ba ya numfashi shi ne yake kawo ciwon kai. Tambayi maigidanki, a asibiti yake."

Mijin ya yi gaba. Suka shiga ɗakin Inna. Ta cikin tsagar bangon ana hango tsakar gidan tela sarai, har da igiyar shanya. Matar tela, wadda take shanya a lokacin, ta leƙo da ido ɗaya ta ce, "Sannunku da zuwa. Ku ne sababbin maƙwabtan?"

Injiniya ya ce, "Kun ji irin mutanen da za ku zauna da su. Ko gishiri ya yanke muku ba sai kun zagaya ba."

Mijin ya ce za su tafi su yi shawara. Injiniya ya ce ai ba su ga ƙofa ba tukuna, katako ne irin wanda aka daina samu. Ya tura ta ta rufe, ya murɗa mariƙin don ya buɗe, mariƙin ya biyo hannunsa. Ya juya shi, ya hura masa iska, ya mayar, ya sake faɗowa. Suka tsaya su uku a cikin ɗaki suna kallon juna, matar tela tana ba da shawara ta tsaga. Abin da ya cece su shi ne ƙarfen tagar ma ya ruɓe, mijin ya ja sau ɗaya ya fita duka. Ta nan suka dira, matar tana tattare zani tana ambaton sunan Allah.

Injiniya ya leƙo ta tagar yana kiransu. "Kun dai gani da idonku, ko gobara ce ta tashi ba za ku maƙale ba."

Ba su waiwayo ba.

Na biyu wani ɗan kasuwa ne mai ƙiba, cikin farar riga mai sitaci. Wannan ba ya son dogon zance, ya wuce kicin kai tsaye ya ce ana samun ruwa? Injiniya ya ce ruwan gidan nan sai dai a roƙe shi ya tsaya. Ya murɗa famfon, kan famfon ya tsinke, ruwa mai launin tsatsa ya yi tsiri ya sami ɗan kasuwa a ƙirji. Injiniya ya yi maza ya toshe bututun da babban yatsa, ruwan ya rabu biyu, rabi a fuskarsa rabi a hular baƙo.

"Ka ga ƙarfin ruwa, Alhaji? A wasu unguwanni kuɗi ake biya kafin a ga irin wannan. Nawa ka taya?"

Alhaji ya matse gefen rigarsa, ya dube shi daga sama har ƙasa, ya fita. Injiniya bai iya raka shi ba, domin in ya cire yatsa kicin zai zama tafki. Nan ya tsaya yana kiran mutane har muryarsa ta dushe, kafin mai shago ya gama sallamar masu sayayya a natse ya zo ya rufe ruwan daga waje.

Labari ya kai wa Yaya. Ta kira shi a waya. "An ce mutane ta taga suke fita daga gidan ubanmu. Ka saurare ni. In wata ya ƙare ba ka sayar ba, zan kawo magini da dillali rana ɗaya, kuma kai za ka riƙa miƙa musu ruwan sha."

"Yaya, ba gidan ne matsala ba. Fanko yake, shi ya sa idon mutane yake yawo. Ki ara mini kujerun falonki da kafet, mai saye ya sami wurin zama kamar mutum."

Ta yarda, amma ta ce in ya bari ko ɗigon fenti ya taɓa su, ya nemi wata yayar.

Da yamma ya sami mutanen benci ya rage murya. Ya ce shi ya rantse ba zai gyara ba, kuma ba zai gyara ba, amma bai rantse ba zai rufe ba. Tela ya ba da aron babban kabad ɗinsa a jingina a kan tsaga. Mai shago ya kawo firijinsa na biyu a tare bakin famfo. Mai aski kuma babban madubinsa zai rufe inda danshi ya ci bangon falo.

Tela ya ce, "Wannan ba cuta ba ce kuwa?"

"Kwalliya ce. Kai in mai ƙaton ciki ya kawo ɗinki, ba ka sakar masa rigar don ta rufe? Kuma ku tuna, duk wanda ya sayi gidan nan da iyali zai zo. Wa zai yi musu ɗinki? A ina za su sayi sabulu? Kawunan 'ya'yansa wa zai aske?"

Nan take tsoron Allah ya ragu a benci. Tela ya ce kabad ɗin cike yake da kayan mutane da ya gama ɗinkawa, amma tunda na ɗan lokaci ne ba sai an kwashe ba. Da aka tura shi jikin bangon ɗakin Inna, bangon ya yi wata 'yar ƙara, ya saki ƙasa kaɗan, ya kwanto a jikin kabad ɗin.

Mai aski ya ja da baya. "Injiniya, wa yake riƙe da wani a cikinsu?"

"Sun fahimci juna. Ku bar su."

Kafet ɗin Yaya ya rufe inda daɓe ya lotsa, kujerunta suka zauna a kai. Silin kuwa, Injiniya ya ce babu mai kuɗin kirki da yake tafiya yana kallon sama.

Mai saye na uku a kan wani tsohon babur ya zo. Siririn mutum ne, da tsinken sakace a baki, maganarsa ba ta da yawa. Bai ɗaga kai ya dubi silin ba, bai ƙwanƙwasa bango ba. Ya danna katifar kujera da gwiwa, ya ɗaga gefen kafet ya shafa bayansa. Ya hura wa madubi iska ya goge da hannun riga. Ya buɗe firiji ya rufe, ya leƙa bayansa ya duba injin. A ɗakin Inna ya daɗe yana ƙwanƙwasa katakon kabad yana gyaɗa kai. Daga nan ya fita ya taka faɗin filin da tsawonsa da ƙafa. Injiniya yana biye da shi, yana ƙyafta wa mutanen benci ido ta ƙofa.

Baƙon ya faɗi abin da zai biya. Injiniya ya kira Yaya a waya, ita ma ta yi mamaki, ta ce ta amince.

Baƙon ya cire tsinke daga baki. "Yadda yake ka ce?"

"Yadda yake."

"Da duk abin da ke ciki?"

Injiniya ya tuna tsaga da famfo da daɓe, daɗi ya cika shi. "Da duk abin da ke ciki, wanda ka gani da wanda ba ka gani ba. Kai, zo waje a yi ta gaban shaidu. Ba na son gobe mutum ya dawo mini da kuka. Kana da waya? Kunna ta, ka ɗauki maganata."

A ƙofar gida ya gyara hular kwano, ya fuskanci wayar kamar mai jawabi ga ƙasa. "Ni Injiniya, da yawun yayata, na sayar wa bawan Allahn nan gidan nan yadda yake a yanzu. Duk abin da ke cikinsa, mai kyau da marar kyau, ya zama nasa. Ba za a cire tsinke ba, ba za a ƙara ƙusa ba. Wanda ya dawo da ƙorafi, shi ne marar kunya. Jama'a, kun shaida?"

Tela da mai aski da mai shago suka haɗa baki, suna danne dariya, "Mun shaida."

Baƙon ya ba da kafin alƙalami, ya ciro ƙaton kwado daga aljihu ya datse ƙofar, ya hau babur ya tafi. Tela ya matso ya yi raɗa, "Kabad ɗina fa?"

"Kada ka ɓata ciniki da gaggawa. Gobe zan ce masa mun manta da 'yan tarkace. Mutumin da bai iya duba bango ba, shi ne zai riƙe lissafin kabad?"

Ranar har faɗuwar rana Injiniya yana benci yana koyar da darasin kasuwanci. Ya ce zai buɗe ofis, ya riƙa sayar wa mutane gidajen da suka gagari dillalai.

Da safe motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar gidan. A jikinta an rubuta: MUNA SAYEN TSOFAFFIN KAYAN ƊAKI. Ƙarti suka sauko, baƙon jiya ya buɗe kwado, ba a jima ba firiji ya fito a kafaɗunsu. Mai shago ya saki mudun da yake awo da shi ya tsallako titi.

"Malam, ina za ka kai mini firiji?"

"Naka ne?"

"Nawa ne mana. Aro na bayar."

Madubi ya fito a bayansa, mai aski ya biyo shi da almakashi a hannu, ya bar mutum a kujera da rabin kai. Ɗan gwanjon, don yanzu kowa ya gane sana'arsa, bai yi musu da kowa ba. Ya ciro waya ya kunna. Muryar Injiniya ta cika layin, sannan "Mun shaida" ta biyo baya, kuma muryar mai shago ce ta fi ta kowa fitowa.

Ɗan gwanjo ya ce, "Wannan ba kai ba ne?"

"Ni ne, amma ai bango muke nufi."

"Wane bango?"

Mai shago ya bi firijinsa da ido har aka ɗora shi a mota. Tela ya ce shi a kabad ɗinsa akwai kayan mutane, har da kakin wani ɗan sanda da ya ce yau zai zo karɓa.

Daidai nan Injiniya ya iso da sabuwar riga, ya zo karɓar gaisuwa. Mutum uku suka yi masa zobe. Ya dubi motar, ya dubi firiji, sannan ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ɗan rashin fahimta ne. Malam, da na ce abin da ke ciki, ai gini nake nufi."

"Kujera a ciki take ko a waje?"

"A ciki, amma baƙuwa ce."

"Ba ka ce ban da baƙi ba."

Mutane sun fara taruwa, har masu wucewa a babur suna tsayawa. Injiniya ya ga hanya ɗaya ce ta rage, a fasa cinikin. Ya ja ɗan gwanjo gefe, amma saboda hayaniya dole ya ɗaga murya.

"Malam, tsakani da Allah, ba na son in cuce ka. Gidan nan ba gida ba ne. Rufin yoyo yake yi kamar rariya. Famfo ba shi da kai. Ƙarƙashin kafet ɗin can rami ne. Ƙofofin kuwa gara ce take riƙe da su, ranar da ta ƙoshi sun faɗi. Karɓi kuɗinka ka tsira."

Wani daga cikin taron ya ce, "Ba shi ne gidan da yake numfashi ba?"

Ɗan gwanjo ya mayar da tsinkensa ɗaya gefen bakin. "Na sani. Tun daga titi na gani. Ni fili nake so, rushe shi zan yi in gina sito. Da fanko na tarar da shi ma haka zan biya. Kayan dai kyauta ce ka ƙara mini, na kuma gode."

Ana cikin haka, Yaya ta sauko daga tasi, ta zo sa hannu a takarda. Abin da ta fara gani shi ne doguwar kujerarta tana hawa mota ƙafafu a sama. Ba ta yi ihu ba. Ta tambayi mai aski abin da ya faru, ya faɗa mata, aka kunna mata wayar ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Ina yake?"

Babu shi. Ya sulale cikin gida, da niyyar ya fitar da kabad ta ƙofar baya, ko ya rage tela daga cikin maƙiyansa. Ya tattare hannun riga, ya rungumi kabad ɗin, ya ja. Bai motsa ba. Ya kafa ƙafa a bango ya sake ja da dukan ƙarfinsa.

A waje aka ji wata doguwar ƙara kamar ana sauke tifar duwatsu, ƙura ta turnuƙe sama. Jama'a suka ruga, wasu ta gidan, wasu ta gidan tela, suka kuma haɗu a wuri ɗaya, don yanzu gidajen biyu sun zama ɗaya. Bangon ɗakin Inna ya kwanta a tsakar gidan tela, ya binne igiyar shanya da abin da ke kanta. Matar tela tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, lafiyarta ƙalau. Kabad ya kife a gefe ya amayar da kayan mutane. A tsakiya Injiniya yana zaune a ƙasa, fari fat da ƙura, kakin ɗan sanda a kan cinyarsa, yana tari.

Da aka tabbatar babu abin da ya karye a jikinsa, sai ya share ido ya dubi ɗan gwanjo. "Ka ga na fara maka rusau. Ba sai ka biya ni ba."

Ɗan gwanjo ya dubi ɓaraguzan. "A duk gidan nan bango ɗaya na yi niyyar bari, na iyaka da maƙwabci, in ɗaure shi da ginshiƙi. Shi ne wannan."

Yaya ta sa aka sauko mata da kujera ɗaya daga mota, ta zauna a bakin titi, ta kira ɗan gwanjo. A nan gaban kowa suka yi cinikin kayan ɗaya bayan ɗaya, kamar a kasuwa, ta fanshi firiji da madubi da kabad da kujerunta da kafet. Aka ƙara kuɗin tayar da bango, da wankin kayan mutane, da shanyar matar tela. Duk wanda aka ambata sai ta ce, "A cire a rabonsa." Injiniya yana tsaye a gefe, duk lokacin da ta faɗa sai ya ɗan rage tsawo. Mai shago da mai aski suka ɗauki kayansu suka wuce ba tare da sun dubi kowa ba, don Yaya ta ce musu shaidun zur ma a gode wa Allah ba a cire a nasu rabon ba.

Da aka gama, Injiniya ya kaɗe hularsa ya mayar kai. Ya dubi taron ya gyara murya.

"Ko me za a ce, a faɗi gaskiya. Na ce zan sayar ba gyara, ba dillali. An sayar ko ba a sayar ba?"

Yaya ta juya wajen ɗan gwanjo. "Malam, ka ce duk abin da ke cikin gidan naka ne?"

"Haka aka shaida, Hajiya."

"To lokacin da bangon ya faɗi, wannan a ciki yake. Shi ban fanshe shi ba. Sa shi a mota."

Ɗan gwanjo ya zagaya Injiniya a hankali, ya dube shi gaba da baya, ya ɗan ƙwanƙwasa hular kwanon da yatsa ya saurari ƙarar. Sannan ya girgiza kai.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Ni tsofaffin kaya nake saye, amma sai waɗanda in an gyara za su yi aiki."